Bin Sawun Giwa a Bakin Kogin Gaji

Yawancin waɗanda suka je Yankari labari iri ɗaya suke dawowa da shi. Sun yi wanka a ruwan Wikki, gwaggon biri ya fizge wa wani ledar burodi, an cusa su a babbar mota da rana tsaka an zaga da su, ba su ga komai ba sai ƙura da mugun dawa. Daga nan sai su yanke hukunci cewa dajin ya mutu, suna kawai ya rage. Wannan magana tana sosa mini rai, domin ni ta wata ƙofa na shiga dajin nan, kuma abin da idona ya gani ya saɓa da haka. Mu shida ne a ƙaramar buɗaɗɗiyar mota, ga direba, ga jagora guda da ya zauna da mu tun daga shigarmu har fitarmu. Wannan ƙarancin namu da wannan jagora su ne suka raba tafiyarmu da ta sauran jama'a.

Wani abokina malamin makaranta a Bauchi ne ya haɗa ayarin, shi kansa kuma uzuri ya hana shi zuwa. Akwai wani dattijo, Alhaji, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya. Akwai Hajiya, malamar firamare, da 'yarta mai kimanin shekara goma. Sai samari biyu ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ni. Sharaɗin da muka kafa tun kafin a tashi shi ne ba za mu shiga motar taron jama'a ba, za mu haɗa kuɗi mu ɗauki tamu, kuma za mu riƙa fita da sassafe da kuma bayan la'asar, lokacin da namun daji ke motsi. Watan Fabrairu ne, hunturu ya fara sassautawa amma hazo bai gama ɗagawa ba.

Hanyar ba ta da wani dogon labari. Daga Bauchi ka kama titin Gombe har Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola, sannan ka karkata kudu cikin ƙasar Alkaleri har ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar take. A nan ake rubuta sunaye a biya kuɗin shiga. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, duk a cikin daji, kuma tun a nan mutum yake fara gane girman wurin: murabba'in kilomita 2,244 ne. Alhaji, wanda ya fara zuwa tun yana ɗan makaranta, shi ya riƙa ba mu tarihi a hanya. An keɓe dajin a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Ya ce wa yarinyar kada ta sa rai da raƙumin dawa, ya ƙare a Yankari, haka ma kyarkeci. Raƙuman dawan da ake gani a hotunan Bauchi na gandun Sumu ne, kuma daga Namibiya aka kawo su a 2006.

Da maraice jagoran ya same mu a gindin wata bishiya a masauki. Mutum ne siriri, baƙi, ya ba hamsin baya, haifaffen yankin Duguri, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya gaisa da kowa, ya rusuna wa Alhaji, sannan ya dubi kayan jikinmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin samarin yana sanye da riga shuɗiya mai duhu, sai ya ce masa, "Ɗana, gobe ka ajiye wannan. Tsando yana son baƙi da shuɗi, idan ka shiga kurmi da ita kai zai yi wa taro." Ya juya ga dattijon ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, turaren nan mai kyau ne, amma a bar shi sai mun dawo. Giwa ba ta da ido sosai, hanci gare ta." Sauran dokokin 'yan kaɗan ne. A kashe ƙarar waya. Kada a miƙe tsaye a mota sai ya ce. Kada a ba birai abinci. Idan ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, ko da magana ce a bakinsa.

Mun yi sallar asuba, muka sha shayi a tsaitsaye, muka fita gari bai gama wayewa ba. Sanyi yana ratsa ƙashi a buɗaɗɗiyar mota. Farkon hanyar saman tudu ne, dajin kawo da taramniya da marke, mafi yawansu sun zubar da ganye. An ƙone ciyawa tun farkon rani, sabon toho ya fito kore shar a cikin baƙin toka, kuma wannan toho ne yake jawo masu cin ciyawa kusa da hanya. Can sai hannun jagora ya tashi. Direba ya kashe mota. Ni ban ga komai ba sai kututture da inuwa. Ya nuna da leɓe. Sai da ɗaya ta kaɗa kunne sannan siffarsu ta fito: gwanki ne, garke guda, dogaye, fuska baƙi da fari, ƙaho ya lanƙwasa baya. Suna tsaye cak suna kallonmu. Mun fi minti goma a wurin ba wanda ya ce uffan, har suka gamsu ba mu da cuta, suka sunkuya suka ci gaba da kiwo. Da mota mai ɗauke da mutum talatin ce, da kafin a tsaya wani ya yi ihun "ga su can", da sai dai a ga ƙurarsu.

Daga nan muka gangara fadamar Gaji, wadda ita ce ran Yankari. Kogin ba ya ƙafewa ko da rani, domin maɓuɓɓugai irin su Wikki suna zuba masa ruwa duk shekara, shi ya sa daga Disamba zuwa Afirilu dabbobi suke taruwa a kewayensa. Da damina kuwa ruwa yana ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsayi, sai su watsu. Wanda ya zo a watan Agusta ya ce bai ga komai ba, lokaci ne bai zaɓa ba. A fadamar muka ga gwambaza tsaye cikin ruwa iya gwiwa, da mazo ɗaya da ya leƙo daga duhuwa ya koma, da kanki masu doguwar fuska, da zabin daji ba iyaka. A wani gurbi dorina ta fito da hanci ta fesa ruwa ta nutse, kada kuma yana kwance a kan yashi baki buɗe. Tsuntsaye kam ba a magana, an lissafa fiye da iri 350 a dajin, samarin nan biyu kuma da littafinsu da madubin hangen nesa suna ta rubutawa.

Wani burtu da matarsa suka ratsa gabanmu suna takawa a hankali. Jagoran ya yi murmushi ya ce mahaifinsa maharbi ne, yana da kan burtu da yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane ya riƙa rarrafe yana sassara ƙasa har ya kusanci nama. Ya ce duk abin da ya sani na sawu da iska a wurin tsohon ya koya, sai dai shi Allah ya sa abincinsa a wajen tsare su yake. Hajiya ta tambaye shi ko tsohon ya ji haushi da ya ɗauki wannan aiki. Ya ce, "A'a Hajiya. Kafin ya rasu shi da kansa yake cewa naman da suka tarar ba shi suka bari ba."

Giwa muka fi ƙwallafa rai a kai, ita ce kuma ta fi ba mu wahala. Fitarmu ta farko da ta biyu ba mu gan ta ba. Abin da muka samu a maimakonta shi ne karatun da ya fi komai zauna mini a zuciya. A wata mashaya jagoran ya sa aka tsaya, ya sauka shi kaɗai ya duba kewaye, sannan ya ce mu sauko. Ya tsuguna gaban wasu manyan ramuka a cikin laka. Ya nuna mana cewa sawun ƙafar gaba zagayayye ne, na baya kuma mai ɗan tsawo. Ya ciro igiya daga aljihu ya zagaya sawun gaba da ita, ya ninka biyu, ya ce wannan shi ne tsayin dabbar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Da ya miƙar da igiyar, sai da ɗaya saurayin ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa bai kai ƙarshenta ba. A cikin babban sawun akwai wani ɗan ƙarami, wanda ya ce na jariri ne da bai shekara ba, yana tafiya a ƙarƙashin cikin uwarsa.

Sai ya ɗauki kara ya fasa wani tulin kashi. Ya sa bayan hannu ya ji. Waje ya bushe, ciki da sauran danshi amma ba ɗumi, buzuzu kuma sun riga sun yi aikinsu. Ya ce na jiya da dare ne. Ya tono ƙwallon giginya da na aduwa daga ciki ya ɗora a tafin hannunsa. Alhaji ya karɓi zancen, ya bayyana wa yarinyar cewa babbar giwa tana cin ganye da ɓawo da ciyawa wajen kilo 150 a yini, cikinta kuma ba ya narkar da rabin abin da ta ci, saboda haka duk inda ta bi tana shuka itatuwa da takinsu. Jagoran ya nuna mana rassan da aka karya, ya ce a duba ɓangaren da suka faɗi da kuma inda laka ta goge a jikin maɗaci, za a san inda garken ya dosa. Ya ɗebi ƙura da yatsu uku ya sake ta, ya ga inda iska ta kai ta, ya girgiza kai. Iskar daga bayanmu take busowa zuwa inda suke. Ya ce ko mun bi su ba za mu same su ba, za su ji mu tun daga nesa su shige kurmi. Muka haƙura muka juya.

Ɗaya daga cikin samarin bai ji daɗi ba. Ya ce ai ya ji an ɗaura wa wasu giwayen na'ura a wuya wadda tauraron ɗan'adam ke bibiya, me zai hana a kira a tambaya kawai? Gaskiya ne, ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda a 2014 ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi kan sintirin masu gadin dajin, ta ɗaura wa wasu irin wannan abin wuya. Jagoran ya ce, "Ɗana, na'ura za ta gaya maka inda ta tsaya ɗazu. Ba za ta gaya maka inda za ta sha ruwa anjima ba, ba kuma za ta juya maka iska ba." Ya ƙara da cewa don tsaronsu aka sa abin, don masu gadi su riƙa bin garken su shiga tsakaninsa da mafarauta.

Tsakar rana, lokacin da daji ke kwanciya, muka riƙa cika ta da sauran abubuwan da ke wurin. Mun je kogunan dutse na Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, kowanne da 'yar ƙofa zagayayya da sai an rarrafa, waɗanda aka sa wa sunan mai binciken da ya bayyana su a 1980. Mun leƙa ɗakin tarihi na masauki, inda aka tara fatu da haure da tarkuna da bindigogin toka da aka ƙwace daga mafarauta. Wikki kuwa ta cancanci sunan da ta yi. Daga ƙarƙashin wani jan dutse ruwan yake ɓulɓulowa, garau, ana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Na shiga na ji daɗinsa ƙwarai. Abin da nake ƙi kawai shi ne mutum ya yi tafiyar nan duka ya tsaya a nan.

Ranar da Allah ya nufa, da la'asar sakaliya ce. Jagoran ya yi magana da wani ta oba-oba, ya yi shiru, sannan ya ce wa direba ya bar hanyar da muka saba bi ya zagaya ta ɗaya gefen fadamar, don iska ta riƙa bugun fuskarmu. Ya sa aka ajiye motar a inuwar wata kanya da ke fuskantar wani fili tsakanin kurmi da ruwa, aka kashe inji. Ya ce, "Nan za mu zauna." Muka zauna. Tsando ya ciji wanda zai ciza. Wani garken ɓauna ya fito can nesa, carki na bisa gadon bayansu, suka sha ruwa suka koma. Rana ta yi ja. Na fara jin yarinyar tana motsi a kujera, uwarta ta riƙe mata hannu.

Kunne ne ya riga ido. Daga cikin kurmi muka ji ƙarar reshe ya karye, ƙas, sannan wani gurnani mai zurfi kamar na injin niƙa da ake jiyowa daga wata unguwa, wanda mutum yake jin sa a ƙirji fiye da kunne. Birai suka bar hayaniya. Sai ga ta. Babbar uwa ce ta fara fitowa, jikinta ja da ƙasar da ta watsa wa kanta, ta tsaya a bakin fili ta ɗaga hanci sama tana juya shi. Ta daɗe a haka. Jagoran bai ko ƙifta ido ba, hannunsa a sama. Da ta sauke hancin ta taka gaba, sai sauran suka biyo ta a jere, manya da matasa, na ƙirga har na wuce ashirin na bari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin ƙarar tafiyarsu. Dabba mai wannan nauyi tana wucewa gabanka ba ka jin takunta. A tsakiyarsu ga ɗan jaririn da muka ga sawunsa, yana tuntuɓe, bai ma iya sarrafa hancinsa ba, sai da ya durƙusa ya kafa baki a ruwa.

Wani matashin toro ya ware ya fuskanto mu, ya baza kunnuwa, ya girgiza kai. Zuciyata ta buga. Jagoran ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Kowa ya zauna yadda yake. Barazana ce, yaro ne." Toron ya yi taku biyu, ya tsaya, ya watsa ƙura, ya juya ya bi 'yan'uwansa. Daga baya jagoran ya bayyana mana cewa wanda ya baza kunne yana surutu gargaɗi yake yi, abin tsoro shi ne wanda ya lafe kunnuwa ya naɗe hanci ya sunkuyar da kai. Shi ya sa tun farko ya sa direba ya juya gaban motar wajen mafita.

Yarinyar ta raɗa wa uwarta, "Umma, ita ce ta cikin Alam tara kaifa?" Alhaji, wanda hawaye ya cika idonsa, ya ce, "Ita ce, jikata." Bayan sun shige muka kama hanyar masauki, sai ya ja mana aya ta 38 a Suratul An'am, inda Allah ya ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Ya ce shekarunsa na aiki duka bai taɓa fahimtar ayar kamar yau ba.

A daren nan jagoran ya zauna da mu ya faɗi abin da ke cin ransa. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350 a Yankari. Yanzu ƙiyasin da ake yi tsakanin 100 ne da 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, ƙasar da giwayenta gaba ɗaya ba su wuce 400 ba. Masu neman haure ne suka yi musu wannan ɓarna. Giwa kuwa wata 22 take ɗaukar ciki, ta haifi ɗa guda, sai bayan shekaru ta sake, don haka abin da aka kashe a shekara ɗaya sai a yi shekara ashirin ba a mayar ba. Ya ce tun da aka ƙarfafa sintiri kisan ya ja baya sosai, amma da jinin mutane aka sayi wannan sauƙin, domin akwai abokan aikinsa da mafarauta suka harbe a cikin dajin nan, suka bar mata da marayu. Zaki kuma, wanda ba mu gani ba sai sawunsa a kan yashi wata safiya, 'yan ƙalilan ne suka rage. Yankari da gandun Kainji ne kaɗai wuraren da aka tabbatar yana nan a duk faɗin ƙasar.

Akwai wani ɓangaren labarin da ban ji shi a cikin daji ba sai a bakin ƙofa. Da muka fito, mun tsaya wajen mai shayi a Mainamaji, muna ta zumuɗin nuna wa juna hotuna. Wani magidanci da ke zaune a benci ya leƙa wayar ya ce, "Kun ga mutanen namu ke nan." Na tambaye shi ko yana shiga kallonsu. Ya ce, "Malam, ai su suke zuwa kallonmu." Yankari ba ta da shinge. Idan kaka ta gabato, dawa da masara sun nuna, garken yakan fito da dare ya shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye. Ya ce akwai shekarar da suka kwana a gonarsa, da gari ya waye abin da ya tarar bai kai dami biyar ba, ga iyali, ga bashin taki. Bai zage su ba, bai kuma ce a kashe su ba. Ya ce akwai samarin da aka ɗauka a ƙauyuka suna sa ido, suna sanar da masu gadi idan giwaye sun doso, a taru da ganguna da fitilu a kore su, kuma hakan yana taimakawa. Amma wanda aka riga aka cinye wa gona, shi da Allah.

Maganar mutumin nan ta tsaya mini. Mu mun biya kuɗi mun ga giwa mun yi farin ciki, shi kuwa da hatsin 'ya'yansa yake biyan kuɗin zamanta. A ganina, duk wani shiri na raya Yankari da bai sa wani kaso bayyananne na kuɗin baƙi ya isa ga manoman Duguri da Pali da Gwana ba, ya bar ginshiƙinsa a waje, domin su ne suke kwana da dabbobin nan, su ne kuma suke fara sanin baƙon da ya shigo da bindiga. Alhaji ya biya wa duk na kan bencin kuɗin shayi, Hajiya ta sayi zuma da gyaɗa a hannun matan da ke bakin hanya. Jagoranmu ya rako mu har nan. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa fiye da kuɗin da aka yanka muka damƙa masa, samarin suka karɓi alkawarin zai sake fita da su a watan Afirilu, lokacin da zafi ya tsananta kuma komai yake gangarowa Gaji. Ya hau bayan wani babur da zai koma ciki, mu kuma muka kama hanyar Dindima don mu riski azahar a Bauchi.